Yadda ake ladabtar da ma'aikaci ko sallamarsa ba tare da an ƙare a kotu ba

A yawancin wuraren aikin da ba na gwamnati ba a Sakkwato, makarantun kuɗi ne, gidajen mai ne, kamfanonin ruwan leda, gidajen burodi ko ƙananan asibitoci, da baki ake ɗaukar ma'aikaci, da baki kuma ake korarsa. Wani ya kawo ƙanensa ko ɗan maƙwabcinsa, an ce ya fara gobe. Ya yi laifi an kawar da kai saboda nauyin wanda ya kawo shi, ya sake an kawar, har ranar da manaja ya ƙule ya ce masa ya ajiye makulli ya kama gabansa. In yaron ya haƙura, shi ke nan. In ya samu lauya, sai a tarar manajan da ke da gaskiya ba shi da takarda ko ɗaya da zai miƙa wa alƙali.

Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai hurumin shari'ar da ta shafi aiki, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Alƙalin kotun nan bai san halin direbanka ba, bai ga ranar da ya zage ka a gaban kwastomomi ba. Abin da ke cikin fayil shi zai karanta. Don haka duk matakan da ke tafe abu ɗaya suke nema: ranar da za ka yanke hukunci, a samu fayil da ke nuna an faɗa wa mutum laifinsa, an saurare shi, an biya shi haƙƙinsa.

Mataki na farko: duba abin da ke rubuce tsakaninku

Kafin ka kira kowa ofis, ɗauko takardar ɗaukarsa aiki. Dokar Ƙwadago, a sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da fara aiki: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da tsawon notis. In ba ka taɓa ba shi ba, rashin takarda bai sa ya zama ba ma'aikacinka ba. Shaidar banki ta albashin da kake tura masa duk wata ta isa. Kai ne dai ka rasa abin dogaro, domin ba za ka iya nuna dokar da ya karya ba.

A lura da abu biyu. Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, kamar direba, maigadi, kashiya, mai sayar da mai, magatakarda. Manajoji da ƙwararru irin likita, injiniya ko babban akanta, yarjejeniyar aikinsu ce ke hukunci a kansu, sai kuma ƙa'idojin adalci da kotun ke bi. Sannan ma'aikacin gwamnati ko na jami'a, wanda doka ce ta tsara aikinsa, hanyarsa daban ce, in aka tsallake mataki ɗaya kotu na iya mayar da shi kujerarsa. Wannan bayanin na masu zaman kansu ne.

In wurin aikinka ba shi da kundin ƙa'idoji, rubuta ko shafi biyu ne, da Hausa da Turanci, a karanta wa kowa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Mataki na biyu: ware laifin

Ba kowace matsala ce laifi ba. Malamar da ba ta iya sarrafa aji ba, ko sabon kashiya da lissafi ke rikice masa, gazawa ce, maganinta horo da wa'adi. A rubuta masa abin da ake son ya gyara, a ba shi wata ɗaya ko uku, a duba. Makara, fashin aiki bayan Sallah, sulalewa gona da faɗuwar damina ba izini, ƙananan laifuka ne da gargaɗi ke bi. Sata, takardun jabu, duka, cin zarafin ɗalibi ko majiyyaci, neman mace da ƙarfin muƙami, su ne manya, su ne kan kai ga kora ba notis.

Haɗa su wuri ɗaya shi ke jawo wa manajoji asara. Mutum ya yi shekara yana makara ba wanda ya ce masa uffan, ranar da aka gaji da shi sai a rubuta "babban laifi". Lauyansa zai tambaya: in babba ne, me ya sa aka yi shekara ana biyansa ba ko gargaɗi? Shirun da ka yi za a ɗauke shi a matsayin yafiya.

Mataki na uku: gargaɗi

Na farko da baki, ku biyu a ofis, ba a gaban abokan aikinsa ba. Mutumin nan zai iya jure yankan albashi ya ƙi jure a muzanta shi gaban yaran da ke ƙarƙashinsa. Tambaye shi dalili tukuna. Sau da yawa mai makara daga Kwannawa ko Dambuwa yake zuwa kuɗin mashin ya fi ƙarfinsa, ko yana jinyar mahaifiya a asibiti bai faɗa ba. Bayan kun gama, rubuta layi uku a fayil: rana, abin da aka tattauna, abin da ya yi alkawari. In ya sake, gargaɗi a rubuce, ya sa hannu ya karɓa. In ya kuma, gargaɗin ƙarshe da ke faɗa ƙarara cewa na gaba sallama ce.

Mataki na huɗu: takardar tuhuma

Nan ne gaɓar da ake cin shari'a ko a faɗi, kuma nan aka fi yin kasala. Takardar tuhuma tambaya ce, ba hukunci ba. Yawancin waɗanda nake gani an riga an yanke hukunci a cikinsu: "Saboda satar da ka yi da rashin amanarka, ka yi bayanin dalilin da zai hana a kore ka." Wanda ya rubuta haka ya nuna wa kotu da hannunsa cewa sauraron da aka yi daga baya na jeka-na-yi-ka ne.

Ga yadda ya kamata ta kasance, a ce a gidan mai ne:

"Malam Wane, a ranar Talata 4 ga wata, bayan rufe aikin yamma, mitar famfo na 2 da kake kula da shi ta nuna cinikin naira 612,000. Kuɗin da ka miƙa wa kashiya, haɗe da na POS, naira 565,000 ne. Akwai giɓin naira 47,000. An haɗa maka kwafin takardar mita da rasit. Ana so ka yi bayani a rubuce zuwa ƙarfe 12 na ranar Juma'a. Kana iya ambaton duk wanda kake so a tambaya."

Dubi abin da ke ciki: rana, wuri, adadi, hujja, wa'adi. Babu zagi, babu kalmar ɓarawo. Dokar ba ta ƙayyade awannin da za a ba shi ba, amma wa'adin ya zama na hankali. Awa 48 zuwa 72 ya wadatar a yawancin lamura. A ba mutum takarda da azahar a ce ya amsa kafin la'asar, wannan neman dalili ne kawai.

In ba ya karatun boko, a karanta masa da Hausa gaban shaida, ya ba da amsa da baki, wani ya rubuta, a maimaita masa, ya dangwala. In ya rubuta da ajami a karɓa, a sa wanda ya iya ya juya, a ajiye duka biyun. In ya ƙi karɓar takardar, kada a yi jayayya. Shaidu biyu su rubuta a bayanta cewa an miƙa masa ya ƙi, da rana da lokaci, sannan a tura masa hotonta ta WhatsApp a ajiye shaidar turawa. Wanda ya daina zuwa aiki gaba ɗaya shi ma kada a share sunansa haka nan. A aika takarda zuwa adireshin da ya bayar, a kira wanda ya tsaya masa, a rubuta an yi.

Kuma tuhuma ɗaya, laifi ɗaya ko biyu da ake da hujjarsu. Lissafo duk abin da ya taɓa yi tun shekarar da aka ɗauke shi ba ya ƙara wa takarda ƙarfi, yana nuna ƙulli ne.

Mataki na biyar: dakatarwa da zama

In zamansa a wurin zai ɓata bincike, misali shi ke riƙe da littafin sito, a dakatar da shi a rubuce, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Mako biyu ya ishi yawancin bincike. In yarjejeniyar aiki ba ta ce ana iya tsayar da albashi lokacin dakatarwa ba, a ci gaba da biya, domin har yanzu zargi ne. Dakatarwar "sai an neme ka" da kan kai wata shida kora ce a fakaice, kuma kotu na iya sa a biya duk watannin.

Sai a kafa ƙaramin kwamiti, mutum uku sun isa. Wanda ya kawo ƙara shaida ne, ba ya zama cikin masu hukunci. In kai manaja aka zaga, ba kai za ka shugabanci zaman ba, ko da kuwa kai ne gaba da kowa a wurin. A karanta tuhuma, a kawo hujja a gabansa, a bar shi ya yi wa shaidu tambaya, a bar shi ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya in akwai. Wani ya rubuta abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu a ranar. In mace ce ta kawo ƙarar cin zarafi, a sa mace a kwamitin, kuma kada a tilasta mata zama kujera da kujera da wanda take ƙara.

Game da 'yan sanda: ba sai kotu ta kama mutum da laifin sata ba kafin ka kore shi, Kotun Ƙoli ta daɗe da tabbatar da haka, muddin an ba shi damar kare kansa. In sata ce ta gaske kana da ikon kai ƙara. Amma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Wanda ya sa aka tsare yaron shagonsa kwana uku don iyayensa su kawo kuɗi ya buɗe wa kansa wata shari'ar ta tauye haƙƙin ɗan Adam, diyyarta kuma na iya fin abin da ya ɓata.

Masu zuwa biko

Ba a rubuta wannan a kowace doka ba, amma duk manajan Sakkwato ya san shi. Da magariba ta yi za ka ga baƙi a ƙofar gida, kawun yaron da limamin unguwarsu, wani lokaci har da mai unguwa. "Alhaji, yaron ga naka na. Kuskure na, a yi mishi haƙuri, ba ya ƙarawa." Ba a korar irin waɗannan baƙi, kuma ban ga dalilin raina zuwansu ba, sau da yawa su ne ke sa a dawo da kuɗin da kotu za ta shekara ba ta karɓo ba. Ka karɓe su da mutunci, ka ba su ruwa, ka ce: "Baba, na ji, kuma zuwanku ya yi mini nauyi. Maganar tana hannun kwamiti, zan isar musu da saƙonku." Kwamitin nan garkuwarka ne, shi ke raba ka da zama kai kaɗai mai cewa a'a.

In an yarda a yi sassauci, a rubuta shi: ya amsa laifi, zai biya kaza duk wata, wannan gargaɗin ƙarshe ne, wane ya tsaya masa. Sai dai ka tuna, wanda ba shi da kawun da zai zo, ɗan Illela ko baƙon da ya zo ci-rani daga nesa, in ya yi laifi iri ɗaya sassauci iri ɗaya ya cancanta. Ma'aikata na lissafin wannan fiye da yadda kake zato, kotu ma tana tambaya.

Mataki na shida: zaɓen hukunci

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne yankan albashi, kuma nan doka ta fi tsanani. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda a ci ma'aikaci tara daga albashinsa ba. Ko asara ya jawo da ganganci ko sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya za a cire, kuma jimillar abin da ake cirewa a wata kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Al'adar "duk wanda ya makara a cire masa dubu ɗaya" da ta cika makarantun kuɗi ba ta da madogara a dokar. Ranar da mutum bai zo aiki ba sam ba izini, wannan daban, ba a biyan aikin da ba a yi ba.

In rabuwa ce, hanya biyu ce. Sallama da notis, inda zai tafi da duk haƙƙoƙinsa. Ko kora nan take kan babban laifi, ba notis, wadda ke bin mutum duk inda ya je neman aiki. Shawarata, in hujjarka ba ta kai ta rantsuwa ba, ka yi sallama. Kuɗin notis na mako biyu ya fi arha a kan shekara biyu ana zirga-zirgar kotu.

A da ana cewa mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili in dai ya ba da notis. Kotun Ma'aikata ta sauya wannan tunani. Tana dogara da ƙa'idojin ƙwadago na duniya, musamman Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta sha yanke cewa sallama ba tare da ingantaccen dalili ba rashin adalci ne. Saboda haka ka rubuta dalili, gajere, na gaskiya, wanda fayil zai tabbatar. Duk dalilin da ka rubuta kai za ka kare shi.

Akwai dalilan da ba a taɓawa. Ba a sallamar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Ba a ba mace notis tana hutun haihuwa, wanda doka ta sa mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aiki. Rashin lafiya da takardar likita yana da kwana 12 na aiki a shekara da cikakken biya. Dokar 2014 ta hana korar mutum don yana ɗauke da cutar HIV, ta 2018 ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa, na'urar burodi ta kama masa hannu ko direba ya yi hatsari a hanyar Gusau, maganarsa ta diyya ce ƙarƙashin dokar 2010 da hukumar asusun inshorar ma'aikata (NSITF) ke gudanarwa, ana kai rahoto cikin kwana 7, ba a lallaɓa shi da kuɗin magani a sallame shi.

In kuma kasuwa ce ta ja baya za a rage ma'aikata, kada a ƙirƙiro wa kowa laifi. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da wakilan ma'aikata, a fara da na baya-bayan shigowa tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, a tattauna abin da za a ba su.

Mataki na bakwai: notis da lissafi

In yarjejeniyarku ta faɗi tsawon notis da ya kai ko ya fi na doka, shi za a bi. In ba ta faɗa ba, ga mafi ƙaranci a sashe na 11 na Dokar Ƙwadago:

- wata 3 ko ƙasa da haka: kwana 1
- fiye da wata 3, ƙasa da shekara 2: mako 1
- shekara 2 zuwa ƙasa da 5: mako 2
- shekara 5 zuwa sama: wata 1

Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka ba da shi ba ta cikin lissafi. Ana iya biyan kuɗi a madadinsa, amma a biya tare da takardar sallama a ranar, ba "ka dawo ƙarshen wata" ba. Jinkirin kaɗai ya isa a ce sallamar ba ta inganta ba.

A ce kashiya ce ta shekara 3, albashinta na asali naira 80,000, alawus 20,000, an sallame ta ranar 15 ga wata. Za ta karɓi rabin wata da ta yi aiki, 50,000. Kuɗin notis na mako 2 ana lissafa shi kan albashin asali ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci, kusan 40,000 ke nan. Sai kuɗin hutun shekara da ta tara ba ta ci ba, wanda mafi ƙarancinsa kwana 6 ne na aiki a shekara. Sai duk bashin albashin baya. Giratuti ba dole ba ne sai in yarjejeniya ko al'adar kamfanin ta tanada. Wanda aka kora kan sata ma albashin kwanakin da ya yi aiki nasa ne. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe bai ware wanda aka ɓata da shi ba.

Lokacin lissafin nan ne ɓoyayyun ramuka ke buɗewa. In ma'aikatanka sun kai 25, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya hau kanka. In sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta wajabta maka zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8, cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya cire kashi 8 bai tura ba, ya biya kafin ya sa hannu a takardar sallama, domin shi ne abu na farko da lauya zai nema.

Ranar tafiya

A miƙa takardar a ofis, da shaida ɗaya, da safe. A yi jerin abin da zai mayar, makulli, katin shaida, waya, mashin, littafin ciniki, ya sa hannu, kai ma ka sa. A sauya lambobin sirri na POS da kwamfuta a ranar. Kada a riƙe takardun makarantarsa na asali a matsayin jingina, kayansa ne. A ba shi kwafin takardar sallama mai kyau, domin da ita zai nemi kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa in ya yi wata 4 bai samu wani aiki ba.

Sauran ma'aikata a gaya musu wane ya bar aiki, wane zai riƙe wurinsa, a tsaya nan. Liƙa hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo ƙarar ɓata suna ce ke jiran ka. In wani kamfani ya kira yana tambaya, faɗi lokacin da ya yi aiki da muƙaminsa, abin da ya wuce haka sai wanda kake da takardarsa. Fayil ɗin kuma a kulle shi a ajiye, doka ta ce bayanan albashi da sharuɗɗan aiki su kai shekara 3, amma in da wuri a durowa a bar shi ya fi haka.